Ranar da Na Taɓa Igiyar Malam

Mun tashi da asuba mu uku daga Ard al-Liwa, unguwarmu a Alƙahira: ni, da Malam maigidana, da 'yarmu ta tsakiya, wadda ita ce ke rubuta muku wannan ina faɗa mata. A Aswan mutum biyu suka ƙaru, mijin 'yar tawa da ke gyaran injin jiragen ruwa a can, da mai jirgin da ya ɗauke mu, wani dogon dattijo ɗan Nuba da kowa ke ce wa Rayyis. Mu biyar ɗin nan ne a kan ruwa ranar da abin ya faru. In wata ta ba ku labarin ta wata fuska, ku tambaye ta inda ta zauna a jirgin.

Ga waɗanda ba su san mu ba, mu masunta ne. Kakanninmu sun taso daga Yawuri za su Makka, ruwan Nilu ya riƙe su a Sudan, mu kuma aka haife mu a Jabal Awliya, bakin madatsa. Malam ya fi shekara arba'in yana su. Yaƙi ya fito da mu, muka bar jirgi biyu ɗaure a gaɓa, muka zo Alƙahira. A nan hawan jini ya buge shi, ya shanye masa hannun hagu, ƙafar ma sai ya ja ta. Baki ya dawo, hankali lau. Abin da bai dawo ba shi ne ci. Sai in kai masa tuwo ya yi loma biyu ya ture. Tagar ɗakinmu bangon maƙwabta take kallo, shi kuma ita yake kallo tun hantsi har la'asar. Likitan da muka gani a unguwar Dokki ya duba ya ce babu sabon ciwo, mutum ne kawai ya saki igiyar kansa.

Surukina ne ya kawo shawarar a kai shi babban ruwa, ya kama kifi ko guda ɗaya da hannunsa. Ta bakin matarsa ya aiko, don shi ba ya iya tsayawa gabana ya gama magana. Na ce a'a. Mutumin da ni nake yi masa alwala, shi za a ɗora a jirgi? Bayan sati biyu na sayo karfasa a kasuwa, ina gyarawa, Malam ya miƙo yatsa ya danna cikinta ya ce, "Wannan ta kiwo ce, ba ta taɓa gudun kowa ba." Rabon da in ji magana mai tsawon haka daga bakinsa har na manta. A ranar na ce wa 'yata ta sayi tikiti.

Saukowa daga hawa na huɗu ya ci mana lokacin da mai lafiya zai yi wanka ya karya kumallo. Mai tuk-tuk, a-daidaita-sahun nan, ya kai mu bakin titi yana gudu kamar an biyo shi, na buga masa kafaɗa na ce da mara lafiya muke, ya ce ma'alish ya Hajja, wai in yi haƙuri, ya ƙara wuta. Daga nan mikrobas, ƙaramar bas ta haya, zuwa tashar jirgin ƙasa ta Giza. Sanyin safiyar Alƙahira mai shiga ƙashi ne, masu dafaffen waken da suke kira ful sun riga sun kafa tulunansu, masu kai burodi a keke suna wucewa da faifan katako a ka. Na naɗe Malam da bargo kamar jariri, ya ce, "Hukuma, ki bar min hanci in yi numfashi." Haka yake kirana tun da ya ji Misirawa na kiran matansu da shi.

Jirgin yini guda yake yi cur. Na ɗauko guzuri, dafaffen ƙwai da burodi da dabino da zoɓo a gora, kuma na gode wa Allah da na yi haka, don shayin cikin jirgi kuɗinsa ya ninka na titi, sukarinsa rabi. An zo duba takardu sau biyu, muka nuna katin zama, aka wuce. Wata tsohuwa 'yar kudancin Masar da ke kusa da mu, baƙaƙen kaya har ƙasa, ta buɗe ƙunshinta ta ba ni waina mai mai da wani cuku mai gishiri da warinsa ya tashi rabin taragon. Na karɓa don ba a mayar da hannun kyauta. Ta tambaye ni me ke damun maigida, na faɗa mata, ta ce nata ya rasu yana da ƙafa biyu da hannu biyu, in gode. Na ce ina godewa.

Ƙasar nan siririya ce, sai ka hau jirgi kake sani. Kore a dama, kore a hagu, ka ɗaga ido kaɗan sai dutse da rairayi. Muka wuce Minya, muka wuce Asyut. Bayan Sohag rake ya fara, gona bayan gona, jakuna da taraktoci duk shi suke ja. Nilu yakan fito ya ɓuya, ya fito ya ɓuya. Ni ban kalli ruwan sosai ba, Malam nake kallo. Duk sanda ruwa ya bayyana sai ya gyara zama. A wani wuri muka hango mutum biyu a ƙaramin kwale-kwale, ɗaya na tuƙi, ɗaya na dukan ruwa da sanda don ya koro kifi cikin koma. Malam ya ce, "Ya yi kusa da komar. Korar su yake yi waje." Ya ci ƙwai ɗaya bayan wannan. Na ƙirga a raina.

Mun isa Aswan bayan isha, muka kwana a ɗakin surukina, shi ya koma wurin abokansa. Gari na wayewa mota ta kai mu bayan babbar madatsa, inda jirage ke ɗaure. Surukina ya riga ya gama maganar izinin shiga ruwa.

Na ga ruwa a rayuwata, amma ban taɓa ganin ruwan daɗi da ba a hango ƙarshensa ba. Babu ciyawa a gaɓa, babu gari, duwatsu ne baƙaƙe da jajaye suka faɗa cikin ruwa kai tsaye, tsibirai kamar an watsa su da hannu. Rayyis ya nuna kudu da haɓa ya ce in aka bi shi haka har Halfa, har ƙasarku. Malam ya zuba wa ruwan ido. Da aka zaunar da shi a jirgi ya sunkuya, ya ɗebi ruwan da hannun dama ya shafa a fuska, ya sake ɗiba ya shafa wa hannun da ya mutu.

Sun da ake yi a nan ba irin namu ba ne. Babu koma, babu mamari. Sanda ce mai abin naɗe zare, a bakin zaren an ɗaura kifin roba mai ƙugiyoyi, jirgi yana tafiya a hankali yana jan sa, giwan ruwa ya ɗauka mai rai ne ya kai masa cafka. Malam ya juya kifin robar a hannu ya ce yanzu har kifi an fara yi masa ƙarya da kayan kanti. Matsalar ita ce giwan ruwa a gindin duwatsu yake kwanciya, inda jirgi ba ya iya matsawa, kuma ƙarar inji da inuwar jirgi suna korar sa. Don haka Rayyis yake da alluna masu iyo, waɗanda ke ɗaukar zare su kai shi can gefe, nesa da jirgi. Wani baƙo ne ya bar masa ƙananan, manyan kuma kafinta ya sassaƙa masa su a Aswan.

Ya shimfiɗa su gabanmu ya ce mu zaɓa. Da Larabci muke magana, namu na Sudan, nasa na Nuba, muna fahimtar juna.

Babban allo tagwaye ne, katako biyu haɗe, tsawonsa ya kai hannuna. Ba a zaren kifi ake ɗaura shi ba. Igiyarsa daban, mai kauri, tana tasowa daga wani dogon ƙarfe da aka kafa a goshin jirgi. Biyu ne irinsa, ɗaya ya tafi dama, ɗaya hagu, sai a rataya zaren sanduna a jikin igiyar da ɗan maƙali irin na shanya, uku nan, uku can. Kifi na cafka, maƙalin ya saki, zare ya zama daga sanda sai kifi, babu komai a tsakani. Ƙaramin allo kuwa bai fi tafin hannu biyu ba, rawaya, da 'yar tuta ja. Shi a jikin zaren kifin ake maƙala shi. In kifi ya ci, sai ka naɗo har allon ya iso bakin sanda, wani ya sa hannu ya cire shi, sannan ka ci gaba.

Rayyis ya dubi hannun Malam ya ce, "Ni da za a bi tawa, ƙaramin. Sanda ɗaya, allo ɗaya. In ya ci sai in tsayar da jirgi."

Na ce, "Wa zai cire allon?"

Ya ce, "Ni, ko wannan," yana nuna surukina.

Na ce, "Babban za a sa."

Ga dalilina, don kada ku ce taurin kai ne kawai, ko da yake akwai shi. A gidanmu na masunta akwai doka biyu da aka haife mu muka tarar. Ta farko, mace ba ta taɓa igiyar sun namiji, ba ta tsallake ta. Namu aikin yana farawa ne in kifi ya hau tudu: gyara, banda, kasuwa. Ni da kaina na sha buge hannun 'ya'yana mata a kan wannan. Ta biyu, duk wanda hannunsa ya taɓa igiya tsakanin cin kifi da fitowarsa, yana da rabo a kifin. Kifin ya zama na mutum biyu ke nan. Ni kuwa ban ɗauko tsoho daga hawa na huɗu na yi yini a jirgin ƙasa don a ce an kama masa ba. Na san shi. In wani ya taɓa zaren, zai ce na yaro ne, ya koma wa tagarsa. So nake ya zama nasa shi kaɗai.

Rayyis ya buɗe baki zai ƙara magana, na kalle shi, ya rufe. Ya ce tamam ya Hajja, an gama. Malam ba wanda ya tambaye shi.

Aka saki manyan alluna, suka buɗe dama da hagu kamar fukafukan shamuwa. Abin sha'awa ne, ba zan ɓoye ba. Sanda shida a tsaye, zare shida a jere, jirgi ɗaya ya share ruwa mai faɗin fili. Iska ta ɗan taso, alluna suna hawa igiyar ruwa suna sauka ba su kife ba. Malam ya ce wannan ai mamari ne mai ƙafa. 'Yata kuwa, jikar masunta, tun kafin mu yi nisa cikinta ya juya, ta kwanta a ƙasan rumfa ta rufe fuska da mayafi. Tana rubuta wannan tana cewa in cire, ba zan cire ba.

Surukina ya ɗaura wa Malam ɗamara mai ɗan kofi a gaba inda gindin sanda ke zama. Ya warware rawanin Malam ya ajiye kusa, don in kifi ya ci a ɗaure hannun hagu a jikin sanda, dama ta yi naɗi. Jirgin ƙarami ne, ni da surukina gwiwa na kusan taɓa gwiwa. Shi ya yi ta kallon sama, ni ina kallon ruwa, haka muka yi rabin safiya.

Wajen hantsi maƙalin gefen dutse ya yi ƙas, sanda ta lanƙwasa, zare ya fara kuka. Surukina ya zare sandar ya kafa wa Malam a ɗamara, ya ɗaure hannun, ya tashe shi tsaye. Na ga fuskar Malam ta koma ta mutumin da na sani. Amma a nan ne na gane abin da Rayyis ya so faɗa na hana shi. Jirgi mai manyan alluna ba ya tsayawa. In ya tsaya, alluna su kwanta, igiyoyi su saki, zare biyar da suka rage su cukuikuye da na kifin. Dole inji ya ci gaba da tafiya har a naɗe sauran. Surukina ya bar Malam ya koma naɗe su ɗaya bayan ɗaya. Jirgi na ja gaba, kifi na ja baya, tsoho mai hannu ɗaya a tsakiya. Ko juyi ɗaya bai iya yi wa abin naɗin ba. Ya jingina da gefen jirgi, gwiwar hagu ta lanƙwashe, na riƙe masa riga ta baya. Can nesa kifin ya taso, kai kamar turmi, ya buɗe baki ya girgiza, ya koma. Zare ya yi laushi. Ya shiga dutse ya yanke.

Surukina ya kwance rawanin. Malam ya zauna yana kallon tafin hannunsa na dama, can ya ce, "A mayar da ni gida." Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma da faɗa ne da ya fi min sauƙi.

Rayyis ya ce rana ta yi tsaka, a ci abinci tukuna. Ya kai mu wani tsibiri, ya duba gaɓar da kyau saboda kadoji, ya ɗaure jirgi. Ya soya karfasar da ya saya wurin masu koma da safe, da shinkafa da tumatir da lemun tsami. Karfasar tafkin nan zaƙi gare ta, ba irin ta kasuwar Giza ba. Malam ko kallon farantin bai yi ba. Muka yi azahar a kan dutse mai zafi.

Na sami Rayyis yana wanke tukunya a bakin ruwa. Ni ba mai ba da haƙuri ba ce, ban iya ba. Na ce masa, "Da safe ka fara magana ban bari ka gama ba. Gama ta."

Ya ce babban allo na jirgi mai maza da yawa ne, masu son share ruwa, ko ranar da iska ta yi ƙarfi. Yana ba ka kifi tsirara, amma yana hana ka tsayawa. Ƙaramin yana da nauyi a zare, yana son hannu na biyu, amma jirgi naka ne, ka tsaya, ka juya, ka bi kifi duk inda ya nufa. Ya ce, "Ke kin zaɓa wa mutumin da kika aura. Ni na zaɓa wa wanda ya hau jirgina."

Maganar ta yi min zafi, don gaskiya ce. Na koma wurin Malam na tsuguna. A karon farko tun da muka baro Alƙahira na tambaye shi abin da yake so. Na gaya masa yadda ƙaramin yake, har da cewa Rayyis ne zai cire allon, kifin zai zama na mutum biyu. Ya ce, "Rabin kifi ya fi labarin kifi. A sa."

Da la'asar muka koma. Sanda ɗaya, ɗan allo rawaya yana tafe shi kaɗai a gefen duwatsu da tutarsa, kamar yaron da aka aika. Wannan karon tun farko aka ɗaure wa Malam hannu a sanda, surukina ya zauna bayansa ya rungume shi ta ƙugu. Riƙe mutum ba taɓa igiya ba ne, wannan Malam da kansa ya yanke. Shi ne kuma ya dinga nuna wa Rayyis hanya da haɓa: matsa can, bi inuwar dutsen nan, rage wuta. Rayyis ya bi, bai yi musu ba. Mun daɗe ba komai. Iska ta ƙaru, tana turo mu wajen gaɓa.

Sai tutar ta kwanta, allon ya ja baya ya nutse rabi. Rayyis ya rage inji har ya kusa mutuwa, ya juya goshin jirgi ya bi kifin. Malam ya fara naɗi. A hankali yake yi, ya ɗaga da ƙugu, ya sauke, ya naɗa, yana magana da kifin ƙasa-ƙasa kamar yadda yake yi tun muna yara. In kifin ya ja, ya bar shi ya ja. Gumi ya jiƙa masa wuya. Allon yana matsowa, yana matsowa, har ya fito daga ruwa yana lilo a zare, saura kamu biyu ya daki bakin sanda. Daga nan ba sauran naɗi sai an cire shi.

Rayyis ya saki sitiyari zai taso, iska ta kwashi jirgin ta nufi dutse da shi, ya koma da sauri ya riƙe. Ya ce ba zai iya bari ba. Surukina hannunsa biyu na ƙugun Malam, in ya saki ɗaya tsoho ya tafi ruwa. 'Yata na kwance. Allon yana lilo daidai fuskata.

Malam ya ce, "Hajja, cire shi."

Na ce, "Ni?"

"Akwai wata Hajja a jirgin nan?"

Na ce, "Malam, igiya ce."

Ya ce, "Shekara biyu kina wanke ni kamar kwano, ban lalace ba. Zare ne zai lalace? Cire, kada ki bari ya saki."

Na yi bismilla na kama allon da hagu, na riƙe zaren da dama. Ashe haka abin yake. Shekara arba'in da wani abu ina gyara kifin da ya mutu, ban taɓa sanin yadda mai rai yake magana a cikin zare ba. Yana bugawa kamar jijiyar wuyan mutum. Na ji kifin, na kuma ji hannun Malam ta ɗaya gefen, duk a yatsuna biyu. Maƙalin gaba ya buɗe da sauƙi, na baya ya ƙi. Rayyis yana cewa danna, danna, na danna da babban yatsa har farce ya karye, ya buɗe. Na saki zaren a hankali yadda Malam ke faɗa, ban sake shi gaba ɗaya ba. Na zauna da allo a cinya.

Sauran aikin nasa ne. Kifin ya yi gudu biyu, ya taso ya girgiza kai, Malam ya sauke bakin sanda ƙasa bai ba shi sako ba. Da muka fita daga bakin dutse Rayyis ya kashe inji ya ɗauko shi. Giwan ruwa ne, ba irin na safe ba, wannan daga yatsana zuwa kafaɗa ne da ɗan ƙari, azurfa, ido kamar an kunna fitila a ciki. Rayyis ya ce baƙinsa sukan ɗauki hoto su mayar da shi ruwa. Malam ya ce baƙinsa ba su da mata a gida. Surukina ya yi dariya a gabana, karo na farko tun da ya auri 'yata, sannan ya tuna ya rufe baki.

Aka kwance wa Malam hannu. Rawanin ya bar masa shaida a fata, na murza masa wurin. Ya ɗora tafinsa a kan kifin ya daɗe. Sannan ya ja layi da yatsa daga kai zuwa wutsiya ya ce, "Wannan gefen naki ne. Doka ce, ba kyauta ba." Na ce na ji. Na juya ina gyara mayafi, don iska ta sa min abu a ido.

Mun ƙara kwana biyu a Aswan. Na yi bandar kifin a tsakar gidan da surukina ke haya, da rabin ganga da itacen da maƙwabciya ta ba ni, matan gidan suka taru suna kallo. Kan kifin na yi farfesu da shi a ranar. Malam ya sha kwano ɗaya, ya miƙo a ƙara, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Gishirin daidai yake, amma na ƙara masa. Kasuwar Aswan ta fi tamu arahar dabino da zoɓo, ta fi ta tsadar duk abin da suka ga baƙo na kallo. Na sayi zoɓo, na bar musu sauran.

A jirgin dawowa kifin na cikin kwali a ƙarƙashin kujerata, ƙanshinsa ya rama mana abin da cukun tsohuwar nan ya yi wa mutane. Wani ma'aikacin jirgi ya tambaya, Malam ya ba shi labarin tun daga allo har dutse, kifin na safe kuma kafin mu kai Luksor ya kai girman ɗan maraƙi. Ban gyara masa ba.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Wanda zai shiga babban ruwa da irin allunan nan, kada ya tambayi wanne ya fi kyau, ya fara duba su wa ke cikin jirginsa. In maza ne masu ƙarfi da yawa, ga iska, ya sa babban. In mutum ɗaya ne ake so ya kama, kuma ana so a iya tsayawa dominsa, ya sa ƙaramin, ya tanadi wanda zai cire. Dokar gidanmu kuwa ban ce a zubar ba. Iyayenmu ba wawaye ba ne. Amma sun kafa ta ne a lokacin da kowane namiji ke da hannu biyu da ƙanne biyar a jirgi.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa a cikinku ba. Tun da ciwon nan ya same shi, duk sanda zan fita kasuwa sai in kulle ƙofa ta waje in tafi da makulli, don kada ya gwada matakala ya faɗi. Yana jin ƙarar makullin. Bai taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa ba.

Washegarin dawowarmu na dama masa koko, na ɗumama gefensa na kifin, na ajiye. Na ɗauki jakar kasuwa. Na zare makullin daga zaren wuyana na ɗora a tabarma ta wajen hannunsa na dama, na jawo sandar da yake dogarawa kusa, na ce masa masu shayin ƙasan gida sun daɗe suna tambayarsa. Na ja ƙofar ban kulle ba.

Ban je kasuwa ba. Na tsallaka titi na tsaya bayan keken mai lemu, inda nake ganin bakin ƙofar gidanmu. Mai lemun ya gaji da ni ya ba ni kujera. Na san yawan matakalar nan, ina bin su a raina ɗaya bayan ɗaya, har na ƙare na sake farawa. Sau biyu na miƙe, sau biyu na koma na zauna. Rana ta hau bangon gidan kafin in ga bakin sanda ya leƙo, sannan ƙafar dama, sannan ya jawo ta hagun. Hularsa a karkace, maɓallin rigarsa ɗaya a ramin da ba nasa ba. Ya tsaya yana haki, ya dubi titi dama da hagu kamar mai duba ruwa. Wani tuk-tuk ya wuce dab da shi. Na riƙe ƙafar kujerar da hannu biyu, ban tsallaka ba, har ya kai bencin masu shayi suka matsa masa.